Fure Mai Ganye Shida

Wanda aka ce zai tarye ni a filin jirgin Guwanzu bai zo ba. Tun hantsi nake tsaye bakin ƙofar fita da jakata, ina duba kwalayen da mutane ke ɗagawa ko zan ga sunana, har la'asar ta yi sanyi. Lambar da Ɗanlami ya rubuta mini na ba wani ma'aikaci ya kira, aka ce a kashe take. Ɗanlami shi ne dillalin da ya yi mini biza a Kano. Shi ya ce akwai kamfanin tangaran a ƙasar Sin da ke neman mutumin da ya san abin da matanmu ke so, in yi musu aikin shekara guda, in dawo ni ne wakilinsu a Arewa.

Sunana Hamisu, mutumin Gwiwa ne ni. Kafin wannan tafiya kayan jere nake sayarwa, farantai da kofuna da samira. Ina cin kasuwarmu, in ci ta Roni, in ci ta Babura inda matan Nijar ke shigowa da sefa a ƙulle a bakin zane. Na san farantin da uwar amarya za ta ɗauka tun ba ta miƙa hannu ba: mai jan fure babba a tsakiya. Iyakar sanina da fure ke nan, mai ja ya fi mai shuɗi tafiya.

Ina nan tsaye na ji an ce a bayana, "Malam, lafiya kake ta salati kai kaɗai?"

Na juya na ga wani dogo, baƙi, da buhunan kaya a kan amalanken filin jirgi. Mamman sunansa, mutumin Magarya, ya daɗe yana sayo wa 'yan kasuwa kaya a can. Da na ba shi labari sai ya karɓi jakata ya ɗora kan kayansa. Ɗakin da ya kai ni mutum biyar ne a ciki, ni na shida. Suka matsa mini wuri, suka zuba mini shinkafa da wake, babu wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi.

A rana ta huɗu lambar ta shiga. Wani ya yi magana da guntun Turanci, ya ce in hau jirgin ƙasa zuwa wani gari wai shi Jindezan. Mamman ya raka ni tasha. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce, "Hamisu, ni ban taɓa ganin kamfanin kirki da zai bar baƙonsa kwana huɗu a titi ba. In ka ga ba haka ba, ka dawo. Tabarmarka na nan."

Na ce masa in sha Allahu alheri ne. A raina kuwa ina ganin hassada ce irin ta wanda ya daɗe bai samu ba. Allah ya yafe mini wannan zato.

Garin tangaran ne da gaske. Har turakun fitilun titi da tangaran aka lulluɓe su. Wanda ya tarye ni a tasha sunansa Lin, gajere ne mai fara'a, yana ta dafa mini kafaɗa. Tun a mota ya karɓi fasfona, wai zai kai wa hukuma a yi mini rajista. Muka wuce manyan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ga shi nan, ga shi nan, har kwalta ta ƙare. Inda muka tsaya wani tsohon gida ne a gindin dutse, da tanderu biyu a baya da ma'aikata da ba su kai goma ba.

Washegari aka nuna mini aikina. Za a fito da tulu daga tanderu, sabo fil yana ƙyalli, a miƙo mini. In goge gindinsa da yashi har ya dushe, in jiƙa shi a baƙin ruwan shayi, in shafa masa wani ruwa mai cin hannu, sannan in binne shi a laka kwana da kwanaki. Na yi sati ban gane abin da muke yi ba. A kasuwarmu tsohon abu ake wankewa a ce sabo ne. Nan sabo ake ɓatawa a ce tsoho ne, na zamanin sarakunan da, a sayar wa masu tara kayan tarihi. Ranar da na gane, na tambayi Lin fasfona. Ya yi dariya ya ce yana wajen hukuma, in ƙara haƙuri.

Sanyi ya shigo. Ba irin namu ba ne da rana ke korewa. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya zauna. Hannuwana suka tsattsage saboda laka da ruwan nan. Ma'aikatan ba su wulaƙanta ni ba, amma ba su kula ni ba. Wani lokaci ɗayansu zai zo ya shafa fatar hannuna ya duba yatsansa, sauran su yi dariya. Abinci kuwa na rasa yadda zan yi, don kusan komai da alade a ciki. Farar shinkafa da gishiri na yi ta ci.

Mutum ɗaya ce ta dube ni da idon mutum. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, kafaɗarta ɗaya ta karkace saboda zama, ita ke zana duk furannin da ke jikin kayan. Kowa Ayi yake ce mata, wato kamar a ce gwaggo. Wata safiya ta tarar ina hura hannuna, ta tsiyaya mini ruwan zafi daga fulas ɗinta, ta nuna mini in rungume kofin. Washegari ta zo da wata tsohuwar rigar sanyi mai auduga a ciki, ta mijinta da ya rasu. Ta gajarce mini a hannu, amma ita ta fitar da ni wannan sanyi.

Ba ma jin yaren juna. Wayata ce tafinta: ta yi magana a ciki ta fito mini da Turanci, in lallaɓa in mayar. Rabin maganar kan lalace a hanya, amma rabin da ke isowa ya ishe mu. Lokacin hutun rana nakan zauna gefen teburinta ina kallo. Alƙalaminta na gashi ne, siriri kamar wutsiyar ɓera. Launin da take zanawa da shi toka-toka ne, ba kyan gani; sai ya shiga wuta yake fitowa shuɗi.

Wata rana na nuna wani babban fure mai cika kamar kabeji na ce irin wannan ne matanmu suka fi so. Ta ce sun iya zaɓe, wannan na arziki ne da girma, shi ake kai wa gidan sabon aure. Na ce ashe ma'ana gare su? Ta dube ni kamar na tambaya ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce babu furen da ake zanawa don kyau kawai. Kowanne addu'a ce. Mutanen zamanin da, in suna jin nauyin faɗa wa mutum abu da baki, sai su ba shi kwano, ya karanta a jikinsa. Ta jawo wani faranti mai rumman a fashe, 'ya'yansa a waje: wannan fatan zuri'a mai yawa. Wani mai siraran ganye da ke fitowa bayan kaka, lokacin da sauran furanni sun bushe: wannan na tsofaffi ne, fatan tsawon rai, ba a kai shi gidan amarya. Na tuna sau nawa na sayar wa uwar amarya irinsa.

Da ta ɗauko wani kwano na ga abin da na sani. Na ce, "Wannan ai bado ne! Akwai shi a tafkunanmu."

Ta ce a wajensu shi ne alamar mutumin kirki, don daga laka yake fitowa amma laka ba ta kama shi. Na ce a wajenmu kuwa abincin yunwa ne. Kakata ta ba ni labarin shekarar da ruwa ya ɗauke, suka riƙa shiga tafki suna tono shi, a shanya a daka a yi tuwo. Ayi ta karanta abin da wayar ta rubuta, ta ajiye alƙalami.  Can ta ce ita ma tana ƙarama an yi irin wannan shekara a garinsu, sun ci saiwarsa, sun ci ɓawon itace, ƙanwarta ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Daga ranar ta daina kirana da sunan da sauran ke kirana, wanda ma'anarsa baƙin mutum. Ta koyi cewa Hamisu, ko da yake Hamisi take faɗa.

Abin da aka fi yi a gidan wasu ƙananan tuluna ne masu murfi, shuɗi mai duhu, da fararen furanni a warwatse a kan wasu layuka kamar tsagewar ƙasa. Ayi ta ce ba ƙasa ba ce, ƙanƙara ce ta kan kogi ta fara tsagewa. Furen kuwa na wata bishiya ce da ke fure a tsakiyar sanyi, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Na ce kamar gawo ke nan, da ke yin ganye lokacin da kowa ya zubar. Ma'anar tulun ita ce a ce wa mutum: daure, wahala ta kusa ƙarewa. Kuma furen ganye biyar gare shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ta ƙirga mini da yatsunta: tsawon rai, wadata, lafiya, halin kirki, sai na biyar, mutum ya mutu mutuwa mai kyau a kan shimfiɗarsa. Na ce mu ma haka muke roƙo, Allah ya kyautata ƙarshenmu.

Zaman goge tulu zama ne mai tsawo, ido ba shi da abin yi. Haka na fara ƙirga ganyen furanni don rage lokaci. Biyar, biyar, biyar. Sai can ƙasa kusa da gindi na ga ɗaya mai shida. Na ɗauka kuskure ne. Na ɗauko wani tulun, shi ma akwai guda ɗaya, a ɓoye bayan reshe. Na duba bakwai, duk haka.

Da na nuna wa Ayi, fuskarta ta sauya. Ta waiga ta ga ba kowa, sannan ta karɓi wayar ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ubanta mai zane ne, kakanta ma haka, kuma ba su taɓa sa hannu a abin ƙarya ba. Ita rayuwa ta kawo ta nan shekara ashirin da wani abu. "Hannuna Lin ya saya," in ji ta, "amma wannan fure ɗaya nawa ne. Duk mai ido in ya duba da kyau zai san ba aikin mutanen da ba ne. Ban yi wa mai ido ƙarya ba." Ta ɗora yatsa a leɓenta. Ni ma na ɗora nawa, na ce mata daga ni sai Allah.

A wannan tsakanin na samu wani wurin da nake numfasawa. Wata Juma'a ina yawo a gari na hangi rubutun Larabci a saman wani ɗan shagon taliya. Mai shagon na sanye da farar hula. Na yi masa sallama ya amsa cikakkiya, har da wabarakatuhu. Yusufu sunansa, Musulmi ne daga can yammacin ƙasar. Ranar na ci nama a karon farko cikin wata uku, kuma na yi salla a bayan wani. A shagonsa na yi ƙaramar Salla, mu huɗu da matarsa da wani ɗan'uwansa. Da la'asar, lokacin safiya ce a gida, na kira matata Hadiza. Ina jin hayaniyar gida a bayanta, ana ta shigowa barka da Salla, wani na tayar da babur a ƙofar gida. Ta ce, "Maigida, muryarka ta canza. Kana cin abinci kuwa?" Na ce mura ce. Ban gaya mata bizata ta ƙare tun tuni ba, kuma ko sisi ba a ba ni ba sai na abinci. Da na kashe wayar na shiga bayan shagon na zauna kan buhun fulawa. Ba abin da nake so a duniya a lokacin irin furar matan Fulani ta bakin kasuwar Gwiwa, da in ji wani ya kira ni da sunan babana.

Sai da aka shiga bazara na san dalilin da ya sa aka kawo ni. Lin ya kira ni ofis ya ce in ɗauko babbar rigar da ya gani a jakata. Wani attajiri zai zo daga ƙasar Larabawa, mai sayen kayan tarihi. Zan zauna a matsayin ɗan wani babban gida a Afirka, in ce tulun gadon kakana ne, fatake suka kawo shi ta sahara tun zamanin da. Kayan da ke da labari, in ji shi, sun fi tsada ninki. Na ce addinina ya hana. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da fasfona, ya nuna mini, ya mayar. Ashe fasfon bai taɓa barin ɗakin ba. Ya ce in na yi, in karɓa in tafi. In na ƙi, waya ɗaya zai buga wa 'yan sanda ya ce ga baƙon da ya wuce wa'adi.

Na yarda. Ba zan ɓoye ba, na yarda.

A wani babban masauki aka yi zaman, da hantsi. Na sha rigata da hula, ina jin kaina kamar ragon da aka yi wa wanka. Mai sayen dattijo ne baƙi, da farin gemu da jallabiya, tare da tafintansa. Lin ya buɗe akwati ya fito da tulun. Na faɗi abin da aka koya mini da Turanci, ban yi tuntuɓe ba. Dattijon bai dubi tulun ba, hulata yake kallo.

Sai ya ce, "Yaro, kai Bahaushe ne?"

Da Hausa. Wata irin tsohuwar Hausa mai nauyi, irin ta kakanni. 

Na ce, "Eh, Baba."

"Na wace ƙasa?"

"Ƙasar Kazaure, Baba. Gwiwa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce sunansa Usmanu, a Jidda aka haife shi, amma kakansa daga Damagaram ya taso da ƙafa zuwa aikin Hajji bai koma ba, kuma har yau a cikin gidansu Hausa ake yi. Ya tambaye ni damina, ya tambaye ni ko iyayena na raye. Lin na ta murmushi, yana ganin ciniki ya faɗa.

Sannan dattijon ya ɗora hannu kan murfin tulun ya ce, "Ba zan sa ka rantse ba. Tambayarka zan yi kamar yadda uba ke tambayar ɗansa. Wannan na kakanka ne?"

Na dubi Lin, na dubi tulun da ni da kaina na tono daga laka sati biyu da suka wuce. Na ce, "Baba, kakana manomi ne, akushi ya bari. Wannan bai kai wata biyu da fitowa daga wuta ba. Fasfona na hannun mutumin nan."

Da nan na tsaya, da labarin ya zo da sauƙi. Amma dattijon ya dube ni kamar yana auna ni, ni kuma na ji ina so ya tabbatar ba ƙarya nake ba. Wataƙila ma ina so ya ga na san wani abu. Sai na ji bakina na cewa, "In kana shakka, duba furen da ke can ƙasa bayan reshe. Ƙirga ganyensa."

Ya juya tulun, ya fito da madubin ƙara girma, ya sa farce yana ƙirgawa a hankali. Lin ba ya jin Hausa, amma yana da ido. Na ga murmushinsa ya tsaya, idonsa na bin farcen nan. Dattijon ya ajiye tulun, ya gaya wa tafinta a ce zai yi shawara. Da zai fita ya ce mini, "Allah ya mayar da kai gida lafiya." Ban sake ganinsa ba, ban sake jin labarinsa ba.

 Muna komawa gidan tanderun Lin ya sa aka fito da duk tulunan da ke ɗakin ajiya, aka jera su a tsakar gida. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana juyawa. Sannan ya aika a kira Ayi. Bai ɗaga murya ba, ita ma ba ta yi musu ba. Ta koma teburinta ta wanke alƙalumanta, ta naɗe su a tsumma, ta ɗauki fulas ɗinta. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Ni kuwa fasfona Lin ya jefo mini a ƙasa, ya nuna mini ƙofa.

Yusufu ya ba ni wuri a bayan shago. Kwana tara ina wanke masa kwanuka, ba na iya cin abin kirki. Matarsa ce ta yi ta tambaya har ta gano unguwar da Ayi take, ta raka ni.

Ɗaki ɗaya ne a hawa na huɗu. Na tarar da ita zaune gaban wani babban kwando cike da cokulan tangaran, irin na araha da ake sayarwa a bakin titi, tana ɗiga wa kowanne ɗan fure. Labari ya riga ya zaga masu irin sana'ar Lin, babu mai sake ɗaukarta. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda zan durƙusa wa mahaifiyata, na yi magana a waya na miƙa mata. Na ce na ci amana, ta yafe mini.

Ta karanta. Ta ci gaba da aikinta har ta gama cokali uku. Sannan ta karɓi wayar.

"Da ka ce tulun ba na kakanka ba ne, gaskiyarka ka faɗa, kuma ka kyauta. Furen fa? Wannan tawa gaskiyar ce. Wa ya ba ka ita ka bayar?"

 Har yau ina ɗauke da wannan tambaya.

Ta tashi ta dafa mana ƙwai da shinkafa a wata sabuwar tukunya, ta nuna mini cewa ba a taɓa sa alade a ciki ba. Muka ci. Na ciro rigar mijinta daga leda zan mayar mata, ta ture hannuna. Na sake tambaya ko ta yafe. Ba ta karɓi wayar ba. Ta raka ni bakin matakala ta faɗi kalma biyu, waɗanda matar Yusufu ta ce abin da suke gaya wa kowane baƙo ne in zai tafi: sauka a hankali.

Daga nan na koma Guwanzu. Mamman bai ce ai na gaya maka ba. Ya buɗe ƙofa ya nuna mini tabarmar. Shi ya ba ni shawarar in kai kaina ga hukuma tun ba a kama ni ba. Na yi kwanaki a tsare, a ɗaki ɗaya da mutanen ƙasashe daban-daban, kowa da irin Ɗanlaminsa. Mamman da sauran Hausawan kasuwa suka haɗa mini tikiti. Wasunsu ko fuskata ba su taɓa gani ba.

Da na sauka Kano na biya ofishin Ɗanlami, na tarar ana sayar da caja da murfin waya a wurin. Na hau mota zuwa Kazaure, daga nan babur zuwa gida. Hadiza na tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta gan ni da jaka ɗaya, wadda na tafi da ita. Ta ce, "Sannu da zuwa, maigida," ta je ta ɗebo ruwa. Sai da na sha ta juya baya ta yi kukanta. Gari kuwa an yi magana, wasu na cewa na ɓoye abin da na samo, wasu na cewa ɗaure ni aka yi. Na bar su. Wani abokina na Babura ya ba ni kaya na ci gaba da bin kasuwanni kamar da.

Bayan girbi, yayan Hadiza, Yaya Sale, ya zo daga Roni. Magidanci ne mai 'ya'ya shida, ba mai rawar kai ba. Bayan mun gaisa ya ce ya sayar da shanun nomansa, wani dillali ya samo masa aiki a ƙasar Sin, a kamfanin takalma. Ya zo in gaya masa yadda ƙasar take.

Na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka, tun daga filin jirgi har matakalar Ayi, abin da ko Hadiza ban gaya wa ba. Na nuna masa tabon hannuwana. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka je ka karɓo abin da za ka iya karɓowa, ka sayi ko saniya ɗaya ce."

Ya saurara har na gama, yana wasa da carbinsa. Ya ce, "Na ji, Hamisu, kuma na san ba ƙarya kake ba. Amma shekara uku ke nan gonar nan ba ta ciyar da mu zuwa bazara. Kai ka je ka ga naka. Bari in je in ga nawa."

Ni na raka shi tashar Kazaure. Na ba shi rigar sanyin nan, na rubuta masa lambar Mamman a takarda biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a cikin hula. Na ce kada ya ba kowa fasfonsa ko da minti ɗaya ne, kuma in yunwa ta kama shi ya nemi shago mai rubutun Larabci. Yana ta cewa to, to. Mota ta cika, direba ya tayar. Sai ya leƙo ta taga.

"Hamisu, ya ake cewa ruwa da yarensu?"

Na ce, "Shwei."

"Shawai?"

"Shwei, Yaya."

Motar ta fara tafiya. Ina ganin bakinsa yana maimaitawa har suka hau titi.